Gansakukar Gonar Baba

Ranar da aka yanka akuyar Inna saboda ta daina cin abinci, mahauci ya zaro curin leda baƙa daga tumbinta, ya kai girman kan jariri. Inna ta kawar da kai, ni kuwa na kasa.

Tun ranar nake bibiyar maganar roba mai ruɓewa, sai binciken ya mayar da ni gonar shinkafar Baba a fadamar Argungu. Koren yauƙin nan da ke kwanciya a kan ruwa tsakanin kunyoyi, wanda muke kira gansakuka, a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta da masana ke kira sayanobakteriya. Abincinsu hasken rana, ruwa da iskar kabon. Idan naitirojin ya yi musu ƙaranci, wasunsu sukan tara wani sinadari, PHB, a cikinsu kamar mai ajiye hatsi a rumbu. Shi ake tacewa a yi roba da ƙwayoyin ƙasa ke iya cinyewa. Wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya fara gano shi a 1926.

Matsalar ita ce yawa. Wasu ƙwayoyin daban da ake ciyarwa da sukari suna tara PHB ninkin-ba-ninkin, namu na fadama kaɗan suke yi, don haka har yanzu leda ta fi arha nesa ba kusa ba. Amma namu ba sa cin sukarin da mutum zai sha, rana kuwa Kebbi ba ta rasa ta.

Na gaya wa Baba. Ya tsoma hannu a ruwan, ya ɗebo yauƙin, ya daɗe yana murza shi. Ya ce, "Wannan ɗin, ɗiyata?" Na ce, "Shi fa, Baba."