Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Eriyar Baba da Neman Fulsa

A makon jiya na tsaya a inda Malam ya amince in yi digiri na biyu a hannunsa, nan Jos, bayan na dawo daga bautar ƙasa. Aikin da ya ɗora mini shi ne neman fulsa a cikin bayanan da wani abokinsa ya turo masa daga LOFAR, na'urar sauraron sararin sama da ke ƙasar Holan.

Fulsa ragowar mataccen tauraro ce. Idan babban tauraro ya cinye makamashinsa ya fashe, cikinsa yakan dunƙule ya zama curi mai faɗin kilomita 20 ko kusa da haka, wato daga Taminus zuwa Bukuru da ɗan ɗori, amma nauyinsa ya fi na Rana. Curin nan juyawa yake yi yana fesa igiyar rediyo ta ɓangarori biyu, duk zagaye ɗaya feshin ya share ta kanmu, sai na'ura ta ji bugu. Wadda ta rage daga fashewar da masanan ƙasar Sin suka rubuta labarinta a 1054 tana juyi kusan sau 30 a daƙiƙa.

Da na nuna wa Baba hoton LOFAR a shagonsa na gyaran rediyo, ya ɗauka zai ga ƙaton faranti. Sai ya ga fili cike da sanduna da wayoyi a miƙe. Ya ajiye dalmar da ke hannunsa, ya gyara tabarau.

"Kai, Auta, wannan ai eriya ce. Irinta nake ɗaura wa mutane a kan rufin kwano tun ba a haife ka ba."

"Ita ce, Baba. Yawa kawai suka fi ku da shi, sai kuma kwamfutar da ke haɗa abin da kowace ta ji."

Nan na ba shi labarin Jocelyn Bell, ɗalibar Jami'ar Kambirij a Ingila. Da hannunta ta taya kafa sanduna da ɗaura wayoyin eriya 2,048 a fili mai faɗin eka huɗu da wani abu, na'urar tana sauraro a megahaz 81.5. A 1967, cikin doguwar takardar da alƙalamin na'urar ke zana wa layi, ta lura da wani ɗan kwarzane da ke dawowa, ashe bugu ne duk daƙiƙa 1.33, fulsa ta farko da aka gano. Lambar yabo ta Nobel ta 1974 malaminta Antony Hewish aka ba, tare da Martin Ryle. Baba ya tambaye ni, "Ita da ta ɗaura wayar fa?" Na ce masa a 2018 an ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3, ta sadaukar da ita duka don a ɗauki nauyin ɗaliban da ba a cika ganin irinsu a fannin ba. Ya ce wannan 'yar halak ce. Har yau ina kan ra'ayin Baba.

Me ya sa LOFAR da irinta suke sauka ƙasa-ƙasa a zangon rediyo, wato inda megahaz ba su da yawa? Yawancin fulsa sun fi ƙarfi a can, kuma irin wannan eriya tana kallon yanki mai faɗi na sama a lokaci guda. Amma akwai wahalarsa. Bugun yana ratsa siraran elektiron, wato ƙwayoyin lantarki, da ke tsakanin taurari, su kuwa sun fi jinkirta ƙananan zanguna. Ka raba yawan megahaz biyu, jinkirin ya ninka sau huɗu. Kafin bugun ya iso, ya baje ya narke cikin shuu. Dole kwamfuta ta yi ta gwada ƙiyasin jinkiri iri-iri har dubbai, tana mayar da kowane zango gurbinsa, sannan ta naɗe bayanan a kan juna ko wani bugu zai tsaya a wuri ɗaya. Abin da ta fitar kuwa, mafi yawansa hayaniyar ɗan Adam ce: motoci, jiragen sama, wayoyin lantarki. Tashoshin FM ma, daga megahaz 88 zuwa 108, sun zauna a tsakiyar zangon LOFAR, tilas ta tsallake su.

Aikina ke nan. In zauna da dare cikin sanyin Jos, bargo a kafaɗa, ina duba zane bayan zane ina cewa wannan ba ita ba ce. In an ɗauke wuta lissafin ya katse, a sake daga farko. Abin da ke ƙarfafa ni shi ne sanin cewa daga irin wannan tankaɗe da rairaya LOFAR ta fito da mai juyi sau 707 a daƙiƙa a 2017, shekara ta zagayo aka sanar da wata mai nawa, wadda sai ta yi daƙiƙa 23.5 kafin ta kammala zagaye.

Ni ban sami sabuwa ba. Amma wani dare layi ya miƙe sak a zanena, tsini ɗaya ya tashi a tsakiya. Na duba kundin fulsa da aka sani, sun haura 3,000, na tarar da ita a ciki. An riga ni, amma da lissafina na kamo ta, kuma sai da na yi sujudar godiya.

Baba ne ya matsa mu yi tamu eriyar. Na ce masa a megahaz 20 za mu saurara, tsawon igiyar mita 15. Ya ce, "Tsakanin mita 13 da mita 16 ke nan a gajeren zango, na san unguwar." Ya auna wayar tagulla, ya yanke, ya like da dalma, muka kai ta gonar kawuna nesa da janaretocin gari. Eriya ɗaya ba ta jin fulsa, amma tana jin tartsatsin Rana, wani lokaci har da duniyar Jufita. Da ƙarar ta taso ta lafa a lasifika, Baba ya ce wannan ba tasha ba ce, ya san muryar kowace tasha.

Tun daga ranar na daina yarda da masu cewa wannan ilimi ya fi ƙarfinmu. Hannun da zai ɗaura eriya muna da shi a kowace kasuwa. Fili mara hayaniya, wuta mai ɗorewa da manyan kwamfutoci ne suka rage, kuma Gana ta riga ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai mita 32 na Kuntunse ya koma na sauraron taurari tun 2017.

Ana cikin haka Malam ya kira ni ofis ya miƙo mini wata takarda daga Abuja. Abin da ke cikinta, da yadda Inna ta karɓi maganar tafiyata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.