Iskar Jidda da lif mai almakashi

Har yau in na tuna la'asar ɗin nan sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Allon wani shago za mu ɗora a Jidda, sama da ƙasa kamar mita 8. Manlif, wato injin ɗaga ma'aikaci sama mai dogon hannu, yana can wani aikin, sai na ce a turo min ƙaramin lif mai almakashi, wanda ƙarafunansa ke buɗewa kamar almakashi su ɗaga mutum, mai batir, wanda muke gyaran fitilun sito da shi. Ai shi ma zai kai.

Kaiwa kam ya kai. Amma akwai farantin ƙarfe a jikinsa da aka rubuta ƙarfin iskar da zai iya jurewa, nasa kuwa sifili ne, wato na cikin gini ne kawai. Na waje ma yawancinsu iska mai gudun mita 12.5 a daƙiƙa ce iyakarsu. Shekara huɗu ina hawan injin nan, ban taɓa sunkuyawa na karanta farantin ba.

Lokacin zafi ne, an hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, don haka muka fito daidai sa'ad da iskar teku ke kaɗawa. Ina can sama riƙe da allon, iska ta buge shi gaba ɗaya. Kwandon da nake tsaye a ciki ya shiga lilo, ƙarafunan ƙasa na ƙara. Na kwantar da allon na durƙusa a kansa, hannuna ya kasa kaiwa ga sandar saukarwa.

"Yaya, kar ka motsa!" Yaron aikina da ke ƙasa ne. Ya zagaya ya ja hannun saukar gaggawa, kwandon ya sauko a hankali. Wani dattijo ɗan Sudan ne ya taɓa nuna masa inda yake. Ni da nake ubangidansa ban taɓa nuna masa ba, wannan ma na cina.

Abin da ya fi ƙona min rai, mu ne fa muka ga abin da iska ta yi da kiren, injin ɗaga kaya, a Harami a 2015, mutum fiye da 100 suka rasu. Na sani sarai, amma na ɗauki faffaɗan allo na hau injin cikin gini.

Allon ya tsage, aka cire kuɗinsa a albashina. Washegari bayan asuba muka ɗora sabo da manlif, bel ɗina a maƙale da ƙugiyar kwando. Kafin in hau na kira yaron, muka tsuguna muka karanta farantin tare.