Ranar da na wanke gansakukar teku da ruwan famfo

Makon jiya na miƙa kundina na kwashe kayana daga leb, wato ɗakin gwaje-gwaje, shi ya sa bakina ya buɗe.

A Kaduna aka haife ni, ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin garinmu. Sai ga shi an ba ni aiki kan jar gansakukar teku, Rhodophyta, dangin da ake samun agar ɗin da muke renon ƙwayoyin cuta a kai. Gaɓar tekun Najeriya yawanci yashi ne da taɓo, ita kuwa abu mai tauri take maƙalewa, don haka sai Legas, kan duwatsun da aka jibge a bakin tashar jiragen ruwa wajen Tarkwa Bay. Kwana 3 ina jiran ruwa ya ja baya, ina ƙanƙara da wuƙa, tafin ƙafata duk yanka.

Malam, mai duba aikina, ya ce mini a waya, "Ka wanke su tas, kada ka kawo mini yashi." Na tara ruwan famfo a roba na zuba su. Can ruwan ya fara ja kamar an jiƙa zoɓo, ni kuwa ina ta murna datti ne ke fita. Ashe launinsu ne, phycoerythrin, ke tsiyayewa. Ƙwayoyin jikinsu da gishiri suka saba, ruwan daɗi ya kumbura su suka fashe. Na ƙulle a leda na hau mota. Da na kwance a Kaduna, masu laushin sun koɗe sun yi yauƙi, ga wari.

A gaban ɗalibai ya ɗaga ledar ya ce, "Wa ya ce maka ruwan famfo?" Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam." Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma ya san ban taɓa ganin teku ba, kuma "da ruwan teku" kalma uku ce kacal. Har yau abin na ci mini rai.

Da kuɗin aljihuna na koma. A ranar nake shimfiɗa su kan takarda a cikin ruwan teku, in rufe da ƙyalle in danne, kullum in canza jarida saboda fumfuna. Wuri da kwanan wata da fensir nake rubuta su, biro zuba yake yi. Samfurin da za a duba DNA ɗinsa kada ya kusanci fomalin, sinadarin da ake jiƙa samfuri a ciki don kada ya ruɓe. Wanda ba ya ɗauke da sassan haihuwa kuwa, sau da yawa wahalar banza ce wajen gano sunansa.

Suna nan cikin kabad, jajur, da rubutun hannuna a jikin kowace takarda. In baƙi sun zo, Malam kan buɗe musu ya ce, "Waɗanda muka tattaro ke nan."