Lauya ya ce ina takarda, muka hau kallon juna

Wata uku kenan da aka sallami ƙanwata daga makarantar kuɗin da take koyarwa a nan Kano. Shekara huɗu tana musu aiki, da cikinta ya fito sosai sai mai makarantar ya kira ta ofis yace "Malama ki je ki huta, in kin sauka ma gani", ƙarshen wata yazo shiru babu alat, data leƙa sai ta tarar har an saka wani a ajinta. Hajiya tace a bar su da Allah, Kawu yace shari'a da mai kuɗi asarar kuɗin mota ce kawai. Ni dai abin ya tsaya min a rai, na sako ta a adaidaita muka tafi wurin wani lauya da muka yi sakandare tare.

Na shiga da zafina ina ta faɗa, ai wannan wariya ce ƙiri-ƙiri. Ya bari na gama tsaf sannan ya juya wajenta, "Ƙanwata, ina takardar ɗaukar aiki? Ta sallamar fa?" Ko ɗaya babu. Da baki aka ɗauke ta, da baki aka kore ta.

Kuma fa dokar tana nan. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko don mace ce ko namiji. Dokar ƙwadago ta ba mai ciki hutun sati 12 kuma ta hana a kore ta a cikin hutun. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 irin wannan rigima ta wurin aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke jin ta, suna da reshe a nan Kano, ni wallahi sai ranar na sani.

Matsalar ita ce alƙali baya aiki da "kowa ya sani". Mai ƙara shi zai kawo hujja, abin da muka karanta tun a islamiyya, hujja na kan mai da'awa, rantsuwa na kan wanda ya musa. To wane mai makaranta ne zai rubuta da hannunsa wai na kore ki don kina da ciki? Cewa zai yi tana makara, ko ita ta daina zuwa. Sai dai a bi sawu, yaushe suka san da cikin, yaushe albashi ya tsaya, an taɓa bata takardar gargaɗi a shekara huɗun nan, wa aka saka a gurbinta. Bayan nan ga tambayar wa za a kama, shi mutumin ko kamfanin da aka yi wa makarantar rajista da sunansa, don in ka kuskure sunan wanda kake ƙara ana iya watsar da ita tun ba a shiga maganar ba.

Ina zaune sai na tuna maganar kamfanin magani na Pfizer. Shekarar sanƙarau, 1996, aka yi gwajin magani da yara 200 a asibitin Zana, 11 suka rasu, kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su. An yi shari'a a nan an yi a Amurka, sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kuma duk da haka sai da aka nemi gwajin DNA kafin a fara biyan iyalai a 2011. Shekara 15, iyayen da suka binne 'ya'yansu da hannunsu ana ce musu su kawo shaida. Wannan yana min ciwo har yau.

Abin da ya ɗan cece mu wayarta. Bata goge alat ɗin albashi ba, wata-wata suna nan da sunan makarantar, ga kuma saƙon da aka tura a gurup ɗin malamai na WhatsApp ana maraba da sabon malamin aji uku, kwana biyu kacal bayan an ce ta je ta huta. Lauya yace a je banki a ciro sitatimen, ya rubuta musu wasiƙa ya basu sati biyu. Akwai wata malama da taji komai don tana ofis ɗin ranar, da farko tace zata tsaya mana, amma ita ma marayu uku take riƙewa da wannan albashin. Jiya sau biyu ƙanwata na kiranta bata ɗaga ba, nace mata kar ta ƙara kira.