Maƙwabtan Kawu a Madina ta Akra

Bikin 'yar Kawu ne ya kai ni Gana, amma tun da na dawo Kano duk wanda ya zo yi mini barka da dawowa ya tambaye ni biki, sai in ji bakina ya karkata ga labarin wasu samari biyu da ke haya a gidan da ke manne da na Kawu. Gara in rubuta kowa ya karanta.

Daga Kano zuwa Legas babu abin faɗa sai gajiya. Wahalar tana farawa ne daga hanyar Badagiri, inda shingayen bincike suka yi yawa har direba ba ya mayar da kuɗi aljihu, a hannu yake riƙe da su. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu cewa ɗan yankin zai shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90, amma a ƙasa maganar daban ce. A ɗaya daga cikin iyakokin, wani jami'i ya karɓi fasfona da katin allurar shawara, bai ko ɗaga kai ya dube ni ba, ya ce in kawo kuɗin hatimi. Na ce, "Yallaɓai, takarduna fa cikakku ne." Sai ya wurga fasfon gefen tebur, ya kira na bayana. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ko ɗan cikina ya girme shi. Wata Bayarabiya mai safarar atamfa ce ta ja ni gefe, ta je ta yi masa magana, aka daidaita a kan rabin abin da ya nema. Allah ya saka mata da alheri, har biredi ta raba da ni a Kwatano. Da muka shiga Togo muka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Lome kuwa ta burge ni, titi na bin bakin teku har zuwa Aflawo a iyakar Gana, daga nan muka haye kogin Bolta a Sogakope, muka shiga Akra da dare.

Kawu a Madina yake zaune, unguwa mai cunkoso da ke arewacin birni, wadda Musulmi da Kirista suke cakuɗe a cikinta. Tun yana saurayi ya bi fataken goro ya zo, bai sake komawa gida da zama ba. Karamcinsa ya wuce misali: ɗakinsa ya bar mini, ya koma falo, duk roƙon da na yi ya ƙi. Tsada dai akwai ta. Sidi ɗaya ya haura naira ɗari, don haka duk abin da na saya sai na lissafa a zuci, in ji gabana ya faɗi. Kwanon wake da shinkafa da ƙwai da ɗan kifi, kuɗinsa zai ciyar da mutum biyu a Kano. Amma ɗabi'ar mutane ta rage mini zafin. Yaron mota a turoturo, wato motar haya ta cikin gari, zai ba ka canjinka cif ba ka tambaya ba, mutane na bin layi a tasha, kuma miƙa abu da hagu babban laifi ne, in ta kama dole sai mutum ya nemi gafara.

Washegari da safe ina zaune a ƙofar gida inda Hajiya, matar Kawu, take sayar da koko da ƙosai, sai ga samari biyu sun fito. Farar riga mai gajeren hannu, nakatai, baƙin wando, baƙin takalmi da ya sha goga, kowanne da ɗan baƙin allo a ƙirji mai ɗauke da sunansa. Ɗaya Bature ne dogo, rana ta mayar da wuyansa ja. Ɗayan baƙi ne. Shi ne ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Baba? An zo lafiya? Ya mutanen Kano?" da Hausa tangaram irin ta Jos. Na yi mamaki har na ajiye kofi. Ashe iyayensa Inyamurai ne, amma a Jos aka haife shi, can ya yi makaranta. Baturen kuma daga jihar Yuta ta Amurka ya zo. 'Yan mishan ne na ɗariƙar da aka fi sani da Mormon, ko da yake ɗan Jos ya ce tun 2018 shugabanninsu suka nemi a riƙa kiran su da cikakken sunan ikilisiyarsu, wato ta Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Dukkansu ba su kai shekara ashirin ba, amma laƙabinsu Elda, wato dattijo, kuma ko junansu ba sa kira da sunan yanka.

Na sa aka kawo shayi na miƙa musu, suka yi godiya suka ƙi. Hajiya ta ce, "Ai 'ya'yana ba sa shan shayi, Milo nake haɗa musu." Addininsu ya hana su shayi da kofi da taba da giya. Yadda ta ce "'ya'yana" ya tsaya mini a rai, mace mai carbi a hannu, wadda ta san sarai abin da ya kawo su garin.

Hidimar biki ba ta maza ba ce sosai, don haka na sami sararin lura da su. Ƙarfe shida da rabi suke tashi kullum. Ta katanga nake jin su suna motsa jiki, sai wanka da bokiti idan famfo bai kawo ba, sai karatu. Kowa ya yi nasa kamar awa ɗaya, sannan su haɗu su yi tare, su tsara wa za a je wa yau, me za a koya masa. Wajen hantsi su fita, a ƙasa ko a turoturo, sai wajen tara na dare su dawo da ƙura har gwiwa. Babu talabijin, babu waƙoƙin zamani, babu budurwa, babu iyo ko da teku na kusa. Waya ɗaya suke amfani da ita su biyu. Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta rashin rabuwa: dole kowa ya kasance inda abokinsa zai gan shi ya kuma ji muryarsa, sai fa banɗaki. Kuma ba su ne suka zaɓi juna ba. Duk mako shida shugaban mishan yana iya sauya wa mutum unguwa ko aboki. Na tambayi ɗan Jos ko suna faɗa. Ya ce, "Sosai, Baba. A kan gishiri ma mun taɓa yi. Amma wanda ba ka da damar barinsa, dole ka koyi ba shi haƙuri kafin dare."

Ko ƙasar da za a tura mutum ba shi ke zaɓa ba. Ya cika takardu, likita ya duba shi, sai wasiƙa ta zo daga hedikwatarsu da ke birnin Salt Lake ta ce ga inda za ka. Namiji shekara biyu, daga ɗan shekara 18, mace kuma wata 18. Ba albashi. Baturen ya ce yankan ciyawa da aikin gini ya yi lokacin hutun makaranta ya tara abin da ya tara, iyayensa suka cika. Ɗan Jos kuwa abin da danginsa suka iya suka bayar, asusun ikilisiya ya ɗauki sauran. Duk wata ana sa musu kuɗin abinci da na mota daidai wa daida, ɗan Amurka ba ya fin ɗan Najeriya ko kwabo.

Na ce to kullum me kuke yi a waje? Ya ce yawanci sallama da jira. Mutumin Gana ba ya korar baƙo, zai ba ka kujera, ya saurare ka, ya ce ka dawo Laraba, ka dawo ka tarar ya tafi jana'iza ƙauye. Cikin mutum goma da suka yi alkawarin zuwa coci Lahadi, in ɗaya ya zo an gode. Suna kuma taya mutane aiki. Da idona na ga Baturen yana daka fufu a gidan wata tsohuwa, yara sun kewaye shi suna kiran "oburoni", wato Bature, shi kuma yana amsa musu da harshen Tuwi. Ranar kamu su ne suka ɗebo wa Hajiya kujeru daga mota har cikin gida, ba wanda ya sa su.

Ban ɓoye musu inda na tsaya ba. Da suka ba ni labarin Joseph Smith, wanda ya kafa ɗariƙar a 1830 a jihar New York, ya ce mala'ika ya nuna masa wasu faranti na zinariya da ya fassara suka zama Littafin Mormon, na ce, "Ɗana, ni Musulmi ne, a wurina an rufe annabci da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi." Ya ce ya sani, a cikin Musulmi ya tashi, kuma a ƙa'idarsu ba sa fara koyar da Musulmi sai da izinin shugaban mishan. Ba su taɓa miƙa mini littafi ba, ban kuma ji sun miƙa wa wani a gidan Kawu ba.

Akwai tambayar da na kasa haɗiyewa. Kawu ya gaya mini cewa har zuwa 1978 ɗariƙar ba ta naɗa baƙar fata a muƙamin limanci. Na ce wa ɗan Jos, kai baƙi, yaya kake ji da wannan? Ya yi shiru, ya ce abin yana yi masa ciwo, kuma ikilisiyar ta fito a 2013 ta nesanta kanta daga dalilan da aka riƙa bayarwa a da. Ya ƙara da cewa tun kafin 1978 akwai mutane a kudu maso gabashin Najeriya da Kef Kos ta Gana da suka karanta littattafan suka kafa jama'a da kansu, suna rubuta wasiƙu a turo musu malamai, irin su Anthony Obinna da Billy Johnson. Amsar ba ta gamsar da ni ba, na kuma gaya masa. Amma bai kauce ba, bai yi fushi ba, kuma ina girmama yaro mai wannan hali. Kawu ya tuna lokacin da gwamnatin Rawlings ta rufe coci-cocinsu a 1989, ta kori 'yan mishan na waje, sai ƙarshen 1990 aka buɗe. Ya ce a lokacin a ɗakuna suke taruwa.

Ranar Litinin ce hutunsu. Wanki da hannu, aski, cefane, ƙwallo, sai kiran gida. Kafin 2019 sau biyu a shekara kawai ake ba su damar yin waya, yanzu duk mako. Wuta ta ɗauke a layinsu, suka zo zauren Kawu cajin waya, a nan na ji ɗan Jos yana magana da mahaifiyarsa. Ya ce mata yana ƙoshi, yana shan maganin zazzaɓin cizon sauro kullum, yana kwana cikin gidan sauro. Da ya ajiye sai ya juya fuska bango ya share ido. Autana sa'ansa ne, shi ya sa abin ya taɓa ni.

A daren na daɗe ina tunanin almajiranmu. Fita neman ilimi saboda Allah tsohuwar al'ada ce mai daraja, ni kaina makarantar allo ce ta fara buɗe mini ido. Amma waɗannan mutane ba sa tura yaro sai ya balaga, kuma kafin ya iso an kama masa ɗaki, an sa na'urar tace ruwa, akwai mai jinya da zai kira idan zazzaɓi ya kama shi, akwai babba da matarsa da ke karanta wasiƙarsa duk mako. Mu kuwa ɗan shekara bakwai za a danƙa wa malamin da shi kansa ba shi da abin ci, a ba shi roba a ce ya je ya nema. Wannan yana ƙona mini rai. Muna da zakka, muna da waƙafi, muna da attajirai da ke zuwa Umara duk azumi. Abin da ya rage shi ne tsari da kuma jin cewa yaron nan amana ne a wuyan wani.

Bayan ɗaurin aure ɗan Kawu ya zaga da ni gari. Mun wuce haikalinsu a titin Independence, wanda aka buɗe a 2004, da mutum-mutumin zinariya mai busa ƙaho a samansa. Wanda ba ɗan ɗariƙa ba ba ya shiga, daga waje muka kalla. A gefensa makarantar horar da 'yan mishan take, wadda aka dawo da ita daga Tema a 2017, inda ɗan Jos ya yi mako uku kafin a tura shi unguwa. Daga nan ba nisa muka yi Juma'a a babban masallacin ƙasa na Kanda, ginin Turkawa mai ƙubbobi da aka buɗe a 2021. Muka ci tuwo a Nima, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, na sayi atamfa turmi biyu bayan ciniki mai tsawo, mai shagon ɗan asalin Sakkwato ya rage mini saboda na kawo masa labarin gida.

Kumasi kwana kaɗan na yi. Kasuwar Kejetiya ta fi ƙarfin ƙafata, goro kuma bai yi arahar da nake zato ba, kwando ɗaya na iya saya na rabo. Na dawo Akra na yi sallama da Kawu, na tarar an sauya wa Baturen unguwa, an kawo wa ɗan Jos sabon aboki daga Kongo. Ya ba ni ɗan ƙunshin cakulan na Gana in saka a motar Jos idan na isa Kano, na kuma saka, mahaifiyarsa ta kira ta ce ya iso. Hanyar dawowa irin ta zuwa ce, sai dai ruwan sama ya tare mu a Badagiri har muka kwana a tasha.