Asabar a gidan majalisar birnin Stockholm

Yau dai Allah ya yi na shiga Stadshuset, gidan majalisar birnin Stockholm, babban birnin Suwidin. Na daɗe ina hango hasumiyarsa daga tagar jirgin ƙasa, tsaye a bakin tafkin Mälaren da kambin zinariya uku a ƙololuwarta. Ba a yawo a cikinsa sai da ɗan jagora, don haka na sayi tikiti na bi ayarin safe.

Wanda ya gan shi daga nesa zai rantse ya shekara ɗari biyar, alhali a 1911 aka fara aikin. An buɗe shi ranar 23 ga Yuni 1923, ranar da aka cika shekara 400 da shigar Sarkin Suwidin Gustav Vasa birnin. Ragnar Östberg ne ya zana shi, ya ɗauko wani abu daga fadojin Italiya, wani daga tsofaffin gine-ginen Suwidin, ya haɗa su da jan bulo kusan miliyan 8. Tsayin hasumiyar mita 106 ne.

Inda na fi daɗewa shi ne babban zauren da suke kira Blå hallen, wato shuɗin zaure. Babu shuɗi a bangonsa. Östberg ya yi niyyar a shafe bangon a yi masa shuɗin fenti, amma da magina suka gama jera bulo ya ga yadda ya yi kyau, sai ya fasa. Sunan kuwa ya riga ya kama bakin mutane. Na matsa kusa da bangon sosai. An sassaƙe fuskar bulon da hannu, shi ya sa hasken da ke saukowa daga tagogin sama ba ya kwanciya a kansa iri ɗaya: nan ja jawur, can kamar jar ƙasar ganuwar Kano bayan ruwan sama. Wallahi mutumin nan ya burge ni. Ba kowane mai zane ne zai bar shawarar da ya riga ya yanke saboda aikin hannun magina ya fi abin da ke kan takardarsa ba.

A zauren nan ake liyafar kyautar Nobel kowace 10 ga Disamba, da baƙi kimanin 1,300. Da ɗan jagora ya nuna mana matakalar da ake saukowa ta kanta, sai na tuna a nan aka karrama marubucin Najeriya Wole Soyinka a liyafar 1986, na ji daɗi har cikin raina. Matakalar ba ta da tsauri, an yi ta ne yadda mace mai doguwar riga za ta sauko a natse. Can sama kuma akwai ogan, abin kiɗan nan mai bututu fiye da 10,000.

Daga nan muka hau zuwa zauren zinariya. Einar Forseth ne ya lulluɓe bangonsa da ƙananan gutsattsarin gilashi da zinariya sama da miliyan 18, ga hoton wata ƙatuwar mace da ake kira Sarauniyar Mälaren zaune a tsakiya. Kowa ya zaro waya yana ɗaukar hoto. Ni dai ƙyallin ya yi mini yawa, hankalina yana ƙasa wajen bulo.

Abin da ya ƙara mini son ginin shi ne har yau aikinsa yake yi. Kansiloli 101 suna zama a ɗakin majalisa, ƙarƙashin rufin katako da aka bari a buɗe, irin na dogayen gidajen Viking, mutanen dā na yankin. Akwai kujeru a sama domin duk ɗan gari da ke son sauraron muhawara. Da yake Asabar ce, ana ta ɗaura aure a wani ɗan ɗaki mai siffar ƙwai, muka yi ta cin karo da angwaye da amare a farfajiya, 'yan uwansu riƙe da furanni duk da sanyin da ake yi.

Hasumiyar a rufe take, sai watan Mayu ake fara hawa. Kafin nan ina so in zo ranar Litinin in zauna a kujerun saman nan, in ji yadda kansilolin ke tattauna maganar gidajen haya da makarantu.