Idan kyanwa ta daina cin abinci, kada ku jira yunwa ta kawo ta

Kurakurai biyu ne suka fi janyo mana asarar kyanwa, mu da muka riga ku fara kiwonta. Na farko shi ne cewa "ƙyale ta, in ta ji yunwa za ta ci." Na biyu kuma shi ne ɗauko maganin mutane a ba ta. Ƙannena, ina so ku tsallake waɗannan biyun, don kowannensu yana kashe kyanwar da ake iya ceto.

Kyanwa ba ta jure zama da yunwa kamar kare. Idan ta kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, jikinta yakan fara kwasar kitse yana turawa hanta don a sarrafa shi. Hantar kyanwa kuwa ba ta iya ɗaukar wannan nauyi, sai kitsen ya taru ya cushe ta. Daga nan tashin zuciya ya ƙaru, ta ƙara ƙin abinci, dasashinta da farin idonta da cikin kunnenta su koma ruwan ɗorawa irin na mai ciwon shawara. Mai ƙiba ta fi ramammiya faɗawa wannan hali. Saboda haka babbar kyanwa da ta yi awa 24 ba ta sa komai a baki ba, a nemi likitan dabbobi. Ƙaramar da ba ta kai wata uku ba kuwa, awa 12 ma ta yi yawa, don sukarin jininta na saurin faɗuwa.

Ku fara da kallon yadda take yi da kwanon. Wadda ta zo da gudu, ta sunsuna, ta ɗauki loma ta yar, ko tana tauna da gefe ɗaya tana dalalar da miyau, tana son cin, bakin ne ke mata ciwo. A wuri mai haske, a naɗe ta da tawul, a ɗaga leɓenta a hankali. Abin da aka fi samu shi ne ruɓaɓɓen haƙori, jan dasashi, gyambo a harshe, ko ƙayar kifi da ta gitta a ganɗa. Idan kun ga zare a ƙarƙashin harshe, ko yana leƙowa ta dubura, kada ku ja shi ko kaɗan. Sauran zaren na iya kasancewa cikin hanji, jan sa na yanka hanjin. Akwai kuma lokacin da bai kamata ku kai hannu bakinta ba sam: idan kare ya cije ta a 'yan makonnin baya, ga miyau na zuba, ga halinta ya canja, ba ta iya haɗiya. Wannan na iya zama ciwon haukan kare, kuma yana kama mutum. A rufe ta ita kaɗai a kira likita.

Wadda ba ta ma kusantar kwanon, a duba hancinta. Kyanwa da ƙamshi take cin abinci, in mura ta toshe mata hanci sai ta ga abincin ta wuce. A goge mata majina da kwantsa da auduga da ruwan ɗumi. A zaunar da ita a banɗaki kusa da bokitin ruwan zafi mai tururi na minti 10, ana riƙe da ita kada ta ƙone. Sannan a ba ta abu mai ƙamshi sosai: kifin gwangwani da aka tsiyaye mansa, ko dafaffiyar tsokar kaza da romonta, ba gishiri, ba magi, ba yaji. A ɗumama shi daidai ɗumin jiki, yadda in kun ɗiga a bayan hannu ba za ku ji zafi ba. Cokali ɗaya ya isa a fara, a faranti mai faɗi, a lungun da yara ba sa kai-kawo. In ta ci, a ƙara bayan awa biyu.

Maganar muzuru daban ce, kuma ita ta fi damuna, don mutane kan ɗauka kashi ne ya ƙi fita. Muzurun da ya daina ci, yana yawan tsugunawa yana nishi, yana lasar gabansa, fitsari kuma ba ya zuwa sai ɗigo-ɗigo ko da jini, hanyar fitsarinsa ce ta toshe. Ta namiji siririya ce, ɗan tsakuwa ko majina na iya rufe ta. Dattin da ya kamata ya fita sai ya koma cikin jini, cikin kwana biyu zuwa uku ana iya rasa shi. Ba a kwana da wannan, kuma kada a matsa masa ciki.

A 'yan kyanwa, amai da zawo tare da zama a bakin kwanon ruwa ba tare da sha ba alama ce ta wata cuta mai saurin yaɗuwa da ke lalata hanji. Allurar rigakafinta ana fara ta ne wajen sati 8 zuwa 9 da haihuwa, a maimaita bayan sati uku zuwa huɗu. Tsohuwar da ke yawan sha da yawan fitsari tana ramewa kuwa, a duba ƙodarta.

Ba kullum ba ne cuta. Tashi zuwa sabon gida, hayaniyar biki, sabuwar dabba a tsakar gida, ko canja mata abinci rana ɗaya, duk suna sa ta ɓuya ta ƙi ci. Sabon abinci ana cuɗa shi da tsohon ne kaɗan-kaɗan har mako guda. Mai ciki takan daina ci yini ɗaya kafin haihuwa, cikin nata kuwa kwana 63 zuwa 65 ne. Lokacin zafin bazara jiƙaƙƙen abinci na saurin tsami, in ya wuce awa ɗaya a kwano a zubar, a wanke kwanon.

Sai batun magani. Farasitamol guba ne ga kyanwa, hantarta ba ta da sinadarin da ke narkar da shi. Ƙwaya ɗaya ta manya na iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya gagara. Sauran magungunan ciwon jiki na mutane ma suna lalata mata ciki da ƙoda. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, shi ya sa sauran miyar gida ba abincinta ba ne. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin permethrin na sa ta karkarwa da farfaɗiya. In kuna zargin ta ci ɓeran da ya ci guba, ko ta lashi maganin ƙwari, kada ku ɗura mata manja ko madara. Wadda ta galabaita tana iya shaƙar sa ya faɗa huhu. Haka ɗurar abinci da ƙarfi: ban da haɗarin ƙwarewa, takan tsani wannan abincin ko bayan ta warke.

Kafin ku tafi asibiti, ku ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta ku saki. In ta tsaya ba ta koma nan take ba, ko dasashi ya bushe yana danƙo, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Zafin jikin lafiyayya digiri 38 ne zuwa 39 da ɗan wani abu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri suna da asibitin koyarwa na dabbobi, manyan garuruwa kuma akwai asibitin dabbobi na gwamnati. Ku sa ta a kwali mai hudojin iska ko kwando mai murfi, kada ku rungume ta a kan babur. Ku riƙe lokacin da ta ci na ƙarshe, da sau nawa ta yi amai, da yaushe ta yi fitsari da kashi, sannan ku tafi da kwalin duk wani magani ko guba da ke gidan don likita ya karanta sunan sinadarin.